Isaac Newton: Marayan da Ya Tsaga Hasken Rana da Ɗan Gilashi

 A wannan fitowa ni aka ɗora wa shafin tarihi, ni kuma na zaɓi wani Baturen Ingila da ya rasu kusan shekara 300 da suka wuce. Na san wani zai ce duk magabatan da muke da su a Zazzau, me ya kai ni Ingila? Wayar hannunku ce ta kai ni. Duk mai duba sitatus a WhatsApp kwanan nan ya ga yayin da ake yi: hoto da bakan gizo ya ratsa gefen fuska, ko fuska ɗaya ta fito biyu kamar a mafarki. Wasu manhaja suke sa wa, amma gwanayen abin ɗan gilashi mai kusurwa uku suke ɗaurawa a bakin kyamara da roba. Sunansa firizim. Mu a wurinmu kayan ado ne. Haka ma Turawa suka ɗauke shi shekaru aru-aru, abin wasa da ake saya a kasuwa a kalli launuka a yi murmushi a ajiye. Sai wani saurayi, sa'anmu a shekaru, ya ɗauki wannan abin wasa ya yi masa tambayar da ba wanda ya yi masa. Sunansa Isaac Newton. Da a Tudun Wada aka haife shi, Isiyaku za a kira shi.

Yaron da ko agolanci bai samu ba

An haife shi ranar Kirsimeti ta 1642 bisa tsohuwar kalandar Ingila, a wani ƙauye mai suna Woolsthorpe. Mahaifinsa manomi ne mai rufin asiri, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma ya rasu wata uku kafin haihuwar. Jaririn ya zo bai cika wata tara ba, ɗan mitsitsi, ba wanda ya sa ran zai rayu. Yana da shekara uku mahaifiyarsa, Hannah, ta auri wani dattijon limamin coci mai suna Barnabas Smith, ta tare a gidansa a wani ƙauye na kusa, ta bar yaron wurin kakarsa. Ka ga ko agolanci bai samu ba. Abin ya tsaya masa a rai. Lokacin da ya kai shekara 19 ya zauna ya rubuta jerin laifukansa don neman gafarar Ubangiji, a ciki har da barazanar da ya taɓa yi ta ƙona gidan da uwarsa da mijinta a ciki. Sai da mijin ya rasu a 1653 ta dawo, da 'ya'ya uku da ta haifa a can.

Yana wajen shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. Abin da mutanen garin suka riƙe game da shi bayan ya yi suna aikin hannunsa ne. Da aka gina injin niƙa mai aiki da iska kusa da garin, ya riƙa zuwa yana kallon magina, ya dawo ya ƙera ƙaraminsa da yake juyawa sosai. Ya yi agogon ruwa. Ya kafa turaku a bango yana auna lokaci da inuwa, har mutanen gida suka koma duba agogonsa. Ya yi jirgin takarda mai tashi da zare, ya rataya masa fitila da dare, ya tsorata ƙauyawa. Kuɗin da aka ba shi kuwa, a zarto da guduma suke ƙarewa. Duk wanda ya tashi a Samaru ya san irin wannan yaro: shi ne mai yin motar langa-langa da sitiyari har da fitilar batir, wanda manya ke kora suna cewa ya tashi ya yi abin kirki.

A 1659 uwarsa ta cire shi daga makaranta don ya riƙe gona. Aka samu manomin da ba a taɓa ganin irinsa ba. A tura shi kiwo, ya samu gindin itace ya buɗe littafi, tumaki su shiga gonar mutane. Har tara aka ci shi a kan haka, kuma rubutun hukuncin yana nan. Shugaban makarantarsa, Henry Stokes, da kawunsa suka taru a kan uwar har ta yarda ya koma karatu. Da ba don malami ɗaya da kawu ɗaya ba, da tarihin nan ya ƙare a wannan sakin layi.

A watan Yuni 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij. Duk da uwarsa ba matalauciya ba ce, a rukunin ɗalibai masu hidima aka rubuta shi, waɗanda ke kai wa 'ya'yan manya abinci da yi musu aikin ɗaki don a rage musu kuɗin makaranta. Manhajar jami'ar a lokacin ta Aristotle ce, karatun da ya kusa shekara 2,000. Newton ya yi abin da aka ce ya yi, amma a gefe ya buɗe nasa littafin rubutu, yana karanta sababbin masana irin su Descartes na Faransa, yana jera tambayoyi kan haske da launi da motsi. Ya sami digiri a 1665 ba tare da wani ya ɗaga kai ya dube shi ba.

Da aka rufe makaranta

A shekarar ce annoba ta ɓarke a Landan, ta kashe mutum kusan 100,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Aka rufe Kambirij, kowa ya kama gabansa. Mu da muka ga kullen korona a 2020, muka kuma sha jin labarin yajin aiki, mun san yadda zaman gida ke cin shekarun ɗalibi. Newton ya koma ƙauye, in ban da 'yan watanni da ya leƙa makaranta a tsakani, bai dawo sosai ba sai 1667. A wannan tsakanin ya aza harsashin lissafin kalkulas da ke wahalar da mu a yau, ya fara tunanin ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, kuma, kamar yadda shi da kansa ya bayar daga baya, a farkon 1666 ya samo firizim.

Kafin in faɗi abin da ya yi da shi, ya kamata mu san ba a fili ya tsinci ilimin haske ba. Fiye da shekara 600 kafin shi, Ibn al-Haisam, haifaffen Basara da ya zauna a Alƙahira, ya kafa hujja cewa haske daga abu yake tahowa ya shiga ido, kuma ya yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu da ƙaramar ƙofar haske, wato kakan kyamarar da ke aljihunku. An fassara littafinsa Kitabul Manaziri zuwa Latin, aka buga shi a Turai a 1572. A farkon ƙarni na 14 kuma Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya mai da shi madadin ɗigon ruwan sama, ya bi hanyar da haske ke bi a ciki har ya bayyana yadda bakan gizo ke fitowa. To amma tambaya ɗaya ta rage: launukan nan daga ina suke? Abin da masana suka tafi a kai shi ne farin haske tsantsa ne, ba gauraye, gilashi ne ke ɓata shi, yana cuɗa shi da duhu, sai launi ya fito. Ja haske ne da duhu kaɗan, shuɗi kuma da duhu mai yawa.

Newton ya rufe ɗakinsa ya yi duhu. Ya huda ƙaramin rami a marfin taga, faɗinsa rubu'in inci. Ya sa firizim a gaban ramin, ya bar hasken ya tafi har bangon da ke can ƙarshen ɗaki, nisan ƙafa 22. Nisan nan shi ne sirrin. Waɗanda suka riga shi kusa-kusa suke tare hasken da takarda, sai su ga farin tabo da ɗan launi a gefe. Shi da ya ba hasken fili, sai launukan suka baje sosai. Da farko ya tsaya yana sha'awa kamar kowa. Daga nan ya lura da abin da ya dame shi. Ramin zagayayye ne, rana zagayayya ce, kuma bisa lissafin da aka sani, tabon da zai fito a bango ya kamata ya zama zagayayye. Amma abin da ke bango dogo ne. Ya ɗauko ma'auni: tsawo inci 13 da rubu'i, faɗi inci 2 da 'yan kai. Tsawon ya ninka faɗin kusan sau biyar.

Wani da ya ce gilashin ne ba shi da kyau, ya wuce. Shi kuwa ya bi zargi ɗaya bayan ɗaya. Ko kaurin gilashi ne? Ya gwada wurare daban-daban na firizim, ba canji. Ko girman ramin ne? Ya canza, ba canji. Ko tabo ne a gilashin? Ya kawo firizim na biyu ya kife shi a bayan na farko, sai dogon tabon ya koma zagayayye fari. Da gilashi ne ke ɓata haske, ai gilashi biyu sai su ninka ɓarnar.

Sannan ya yi gwajin da ya raba gardama. Ya sa allo mai ƙaramin rami a gaban launukan yadda launi ɗaya kaɗai zai wuce, ya tare wannan launi da firizim na biyu. Ja ya shiga, ja ya fito. Shuɗi ya shiga, shuɗi ya fito. Kuma kowane lokaci shuɗi ya fi ja lanƙwasawa. Daga baya ya tattara dukan launukan da lensi zuwa wuri ɗaya, suka koma fari fat.

Ma'anar ita ce farin hasken rana taron launuka ne. Idan haske ya shiga gilashi a karkace yakan lanƙwasa, kuma kowane launi da nasa gwargwado: ja ya fi kowa taurin kai, shunayya ta fi kowa karkata. Firizim ba ya ƙirƙirar komai, rarrabawa yake yi, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi da iska ɗaya. Jar atamfa kuwa ja take domin ta fi mayar da jan haske, ta shanye saura. Da farko launi biyar ya ƙirga: ja, rawaya, kore, shuɗi da shunayya. Daga baya ya ƙara ruwan goro da kuma launin shuni irin na marina, suka zama bakwai, don su yi daidai da matakan sautin kiɗan Turawa. Wato bakwai ɗin da muka haddace a firamare zaɓinsa ne. In ka dubi bakan gizo a kan Kufena da yammacin damina, ba za ka ga layin da ya raba launi da launi ba.

Akwai gwajinsa guda biyu da ba na so kowa ya kwaikwaya. Ya taɓa tura wata allura marar kaifi tsakanin ƙwayar idonsa da ƙashi don ya ga yadda matsi ke sa a ga launuka. Ya kuma kalli rana ta madubi har sai da ya kulle kansa a duhu kwana uku kafin ganinsa ya daidaita. Masu ɗaura firizim a waya su ji da kyau: kada a kalli rana ta cikinsa, kada a saita kyamara a kanta kai tsaye.

Yadda na gwada abin a Samaru

Gani ya kori ji, don haka na haɗa nawa. A Sabon Gari, wurin masu yankan gilashin taga, ɓarɓashi a zube yake. Na sa aka yanka min sala uku daidai da juna, kowanne tsawon ɗan yatsa, da ƙananan guda biyu na toshe baki. Na goge bakinsu da sanfefa saboda kaifi, na manne su da silikon irin na masu tagar alminiyom, na cika da ruwa na rufe. Ruwa ma yana raba haske, sai dai bai kai gilashi ba. Na biyun kuwa ɗan lu'ulu'un tsohuwar fitilar ado ne da na tsinta wurin masu gwangwan, shi ya fi fitar da launi. In don hoto ne, a ɗaura shi a gefen kyamara da roba ko a manne shi jikin tsohon murfin waya, ya rufe kamar sulusin idon kyamara, a juya shi a hankali da safe ko da la'asar lokacin da rana ke zuwa a karkace. Abu biyu yake yi a lokaci ɗaya: fuskokinsa na haskawa kamar madubi, shi ya sa mutum ke fitowa biyu, cikinsa kuma yana raba haske, shi ya sa launi ke zuba. Masu amfani da tsohon faifan CD su sani nasu launin ta wata hanya yake fitowa, daga ƙananan layuka ne da aka zana a jikin faifan.

Hoton ya yi kyau, amma abin da ya tsaya min a rai gwaji na biyu ne. Na toshe tagar ɗakinmu da kwali, na huda rami, na bar hasken ya faɗa bango, na ware ja da wani kwalin mai tsaga, na tare shi da firizim na biyu. Ja ya fito ja. Na karanta wannan tun sakandare, na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki. Amma sai ranar nan na san shi. Duk kayan aikin kuɗinsu bai kai na datar mako ɗaya ba.

Farfesa mai ƙira

Mu koma Kambirij. Binciken ya nuna wa Newton dalilin da ya sa madubin hangen nesa na zamaninsa ke nuna taurari da dishi-dishin launi a gefe: lensi ma ɗan firizim ne a fakaice, kowane launi wuri daban yake taruwa. Sai ya ce a bar lensi a yi amfani da madubi mai lotsawa, tunda madubi ba ya raba launi. Wasu sun kawo wannan shawara kafin shi, amma ba su iya fitar da mai aiki ba. Shi a 1668 ya zauna ya narka jan ƙarfe da kuza, ya zuba madubin, ya goge shi da hannunsa, ya yi bututu da mariƙi. Kayan aikin ma da kansa ya ƙera. Abin da ya fito tsawonsa kamar inci shida ne, amma yana ƙara girman abu kusan sau 40, har ya hango watannin duniyar Jufita da shi. Manyan maduban hangen nesa na yau, har da na sararin samaniya, da madubi suke aiki.

A 1669, yana da shekara 26, ya gaji malaminsa Isaac Barrow a kujerar farfesan lissafi. Laccocinsa na farko a kan haske ne, kuma wanda ya yi masa hidima daga baya ya ba da labarin cewa sau da yawa ɗalibai ba sa zuwa, sai bango ya yi wa karatu. Abin lura shi ne, ƙirar hannunsa ce ta fara fitar da sunansa. A ƙarshen 1671 aka kai madubin Landan gaban ƙungiyar masana ta Royal Society, suka yi mamaki, suka zaɓe shi mamba a watan Janairu 1672. Ganin haka ya aika musu da bayanin launuka, aka buga a watan Fabrairu.

Mutum tara yake

Nan rigima ta tashi. Robert Hooke, babban mai gwaje-gwajen ƙungiyar, ya soki bayanin. Huygens na Holan ya nuna shakka. Wasu a Turai suka maimaita gwajin da irin nasu gilashin ba su ga abin da ya gani ba. Newton ba ya ɗaukar suka ko kaɗan. Ya yi ta mayar da martani cikin fushi, ya nemi ficewa daga ƙungiyar, daga ƙarshe ya ja bakinsa ya tsuke. Littafinsa na haske, Opticks, bai fito ba sai 1704, shekara ɗaya bayan mutuwar Hooke. Ilimin da ya samu yana saurayi sai da ya haura shekara 60 duniya ta same shi cikakke.

A tsakanin nan ne Edmond Halley ya ziyarce shi a 1684 da tambaya kan tafiyar duniyoyi, ya lallashe shi ya rubuta, ya kuma biya kuɗin bugawa daga aljihunsa. Haka Principia ya fito a 1687, da dokokin motsi uku da kowane ɗan injiniya ya sani. A 1696 ya bar jami'a ya koma Landan aiki a ma'aikatar buga kuɗi, ya zama shugabanta a 1699. Can ma bai zauna a ofis ba, ya bi masu buga jabun kuɗi har gidajen yari yana tattara shaida, kuma a 1699 aka rataye gogansu, William Chaloner. Ya zama shugaban Royal Society a 1703, Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir a 1705.

Da mulki ya zo hannunsa bai yi adalci ga abokan hamayya ba. A rigimarsa da Leibniz na Jamus kan wanda ya fara gano kalkulas, ƙungiyar da yake shugabanta ta kafa kwamiti a 1712, shi kuma ya rubuta rahoton kwamitin a ɓoye, ya ba kansa gaskiya. Yau masana tarihi sun yarda kowannensu da kansa ya gano. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a watan Maris 1727 yana da shekara 84, shekara 27 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka binne shi a Westminster Abbey inda ake binne sarakunan Ingila a wancan zamani.

Masaƙin da ya gyara wa Sir

Ko a kan hasken ma ya yi kuskure guda babba. Ya yanke cewa ba yadda za a yi a kawar da dishin launi daga lensi, kuma saboda girman sunansa mutane da yawa suka daina nema. Wajen 1733 wani lauya mai sha'awar gilashi, Chester Moor Hall, ya haɗa gilashi iri biyu, ɗaya mai dalma a ciki, sai ɗaya ya gyara ɓarnar ɗaya. Wanda ya fito da abin kasuwa ya yi masa rajista a 1758 shi ne John Dollond, mutumin da ya shafe yawancin rayuwarsa yana saƙar siliki kafin ya koma sana'ar gilashi. Bayansa sai Joseph Fraunhofer na Jamus, maraya, yaron shagon mai gilashi, wanda a 1814 ya yi firizim mai kyawun da ya nuna masa ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin launukan rana. Daga waɗannan layuka aka koyi gane sinadarin da ke cikin abu ta hanyar haskensa, har aka hango alamar iskar hiliyam a rana a 1868, tun ba a same ta a doron ƙasa ba.

Wannan silsila ce ta iso gare mu. Kyamarar wayarka lensi biyar ne ko shida ko fiye aka jera, kuma ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne hana launi watsewa. Wasu wayoyin masu zuƙo nesa, irin Huawei P30 Pro na 2019, da firizim a cikinsu yana karkatar da haske ya bi ta kwance. 'Yan safiyo suna saita na'urarsu a kan firizim don auna nisa. 'Yan ɗakin gwaji suna auna sinadari da na'urar da ke ware launi ɗaya ta haska samfur. Abin dariya, injiniyoyi sun yi shekara 300 suna korar bakan gizo daga hoto, mu kuma mun ɗaura gilashi da roba mun dawo da shi.

Abin da ya shafe mu

'Yan uwa, mu 'yan foli an daɗe ana nuna mana cewa mai aiki da hannu a bayan mai digiri yake, har wasunmu sun yarda. Tarihin nan bai goyi bayan wannan magana ba. Mutumin da duniya ke kira babban masani, maƙeri ne tun yana yaro, kuma da bai iya narka ƙarfe da goge madubi ba, da wataƙila masanan Landan ba su ji sunansa a lokacin ba. Waɗanda suka gyara kuskurensa, masaƙi ne da yaron shago. Amma fa hannu kaɗai bai isa ba. Dubban mutane sun riƙe firizim kafin 1666. Bambancinsa da su shi ne ya auna, ya ga awon bai dace da littafi ba, ya ƙi murɗe awon don ya dace.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda mujallar tamu ce. Lokacin furojet ya zo, kuma kowa ya san akwai inda ake sayen kammalalle, a canza suna a shafin farko. A furaktikal, in na'ura ta ba da lambar da ba ta yi kama da ta littafi ba, akwai masu goge ta su rubuta ta littafin, ko su kwafi ta na kusa. Ana cin maki da haka, amma ranar da aka miƙa maka mita ko sifana a wurin aiki, ba na kusa da za ka leƙa. Kuma lambar nan da ka goge, wataƙila ita kaɗai ce abin da ka gano da kanka a duk zangon. Ba na musun cewa kayan aiki sun yi mana kaɗan, wuta ma sai an ga dama. Haƙƙinmu ne ƙungiya ta ci gaba da neman a gyara. Sai dai kafin gyaran ya zo, rana tana fitowa kyauta a Zariya, ɓarɓashin gilashi kuma yana zube a Sabon Gari.

Ga ƙannenmu da za mu bari a baya, shawarata ƙarama ce. Ku sayi littafin rubutu guda, ku ware shi don abin da kuka gwada da hannunku. Ku rubuta kwanan wata, da kayan da kuka yi amfani da su, da awon da kuka samu ko da bai yi muku daɗi ba. In wani ya soki aikinku, ku saurare shi fiye da yadda Newton ya saurari Hooke. Mu kuma 'yan ajin ƙarshe, kowa ya tsaya a kan furojet ɗinsa yadda in an tambaye shi waya ɗaya a ciki zai iya cewa ga dalilin da ya sa take nan. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfane mu da al'ummarmu. Amin.